Rigunan Har Abada

Mafi yawan shekarun da na yi a Dubai a bayan injin buga riguna na yi su, a wani ƙaramin shago da ke Al Khabaisi, tsakanin mai sayar da tayoyi da wani ofishin kago, na masu aika kaya ƙasashen waje. Mai shagon mutumin Indiya ne, ba ya leƙowa sai ƙarshen mako. Ni ke tsara zane a kwamfuta, ni ke shimfiɗa shi a kan riga in danne da ƙarfe mai zafi. Mutanenmu na Kano su ne manyan masu kawo aiki: huluna da riguna na makarantun kuɗi, na shaguna, na ƙungiyoyin kasuwa. A wannan sana'ar na koyi raina rubutun ƙirji. Na lura duk abin da mutum ya matsa a rubuta masa da manyan baƙaƙe, shi ne abin da ba shi da shi. Wanda ya ce a sa masa “Amana”, to ka riƙe aljihunka da kyau har ya fita.

Amma a cikin masu kawo mini aiki babu wanda ya kai wani ɗan Filifin ba ni haushi. A Dubai duk ɗan Filifin “kabayan” ake ce masa, wato ɗan ƙasa a harshensu, ni ma haka nake kiransa. Gajere ne mai jiki, ya haura arba'in da nisa, girarsa a gyare, kullum da lema a hannu saboda rana. Aski da gyaran gashi yake yi a wani shago a Al Rigga. Ranar da ya fara shigowa ya miƙo mini wayarsa da hoto a kai: samari cike a bakin ruwa, kowa baki har kunne, shi a tsakiya ya dafa kafaɗun na gefensa. Ya ce a buga hoton a gaban riga, a ƙasa a rubuta da Turanci abin da ke nufin abokai har abada, a baya kuma sunan ƙungiyarsu.

Al'adarsu ce. 'Yan Filifin ba sa fita yawo a ƙungiya sai da riga iri ɗaya, ko bikin ranar haihuwa ne, ko zuwa cin kifi a bakin teku. Anko ne nasu, sai dai mu atamfa muke yankawa, su fuskokinsu suke mannawa.

Da ya zo karɓa, tare da biyu daga cikinsu ya zo. A titi tafiya suke yi kamar ma'aikatan banki, ba um ba um'um. Ƙofar gilashi na rufuwa sai kafaɗu suka sauka, murya ta sirance, hannu ya fara yawo a iska. “Mama” suke ce masa. Ni kuwa a bayan tashar mota na tashi, inda 'yan daudu ke soya kaji suna kiran juna ƙawa, don haka ba sai an yi mini tafinta ba. Maza ne masu neman maza, a garin da ake iya rasa aiki da biza, har ma a kwana a hannun hukuma, a kan hakan. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba sai da muka saba. Addinina ya faɗi abin da ya faɗa, ni kuma ba a ɗauke ni alƙalanci ba, buga riga aka ɗauke ni. Abin da ya riƙa tsaya mini a wuya daban ne, wannan “har abada” ɗin ne.

Domin ba a jima ba sai ga shi ya dawo da sabon hoto. Rabin fuskokin sun canza, sunan ƙungiya ya canza, launin riga ya canza. Shi ne dai a tsakiya, hannuwa a kafaɗu, rubutun ƙasa yana nan. Na tambaye shi ina na da. Ya zauna a kan kwalin riguna, ya ajiye lemarsa, ya ba ni labari kamar wanda ke karanta sakamakon asibiti. Wai wani ma'aikacin otal ne ya shigo cikinsu, ya fara soyayya da ɗaya, ashe yana kewayawa wajen ɗayan. Da magana ta fito, maimakon a kori mai laifin sai aka rabu gida biyu, kowane ɓangare ya buɗe nasa dandalin hira a waya, kowanne ya ce wa Mama ya zaɓa. Bai zaɓa ba, sai duka suka yi fushi da shi.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Ni ina danna ƙarfe, shi yana jiran riguna su huce yana ba ni labarin yadda ta baya ta watse. Wata ƙungiyar hoton hira ne ya kashe ta: wani ya zagi gashin wani a ɓoye, na ukun ya ɗauka ya tura wa wanda aka zaga. Wata kuma a kan hoto aka ɓata, wai wanda ya ɗora ya zaɓi wanda shi kaɗai ya yi kyau a ciki. Manya da gemu, wasu har da furfura, suna gaba a kan an nuna tumbinsu. Akwai waɗanda ba faɗa aka yi ba, ranar hutu ce ta raba su, wannan Talata, wancan Alhamis, har aka manta da juna. Akwai waɗanda suka samu hanyar Kanada, aka yi kuka a filin jirgi, aka yi rantsuwa, suka sauka can suka koma masu danna alamar zuciya a ƙarƙashin hoto sau ɗaya a shekara.

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ta wani yaro nasu da aka sallama daga aiki, bayan abokin aikinsa ya nuna wa manaja abin da ke cikin wayarsa. Labarin na isowa, kafin la'asar dandalin hirar ya zama kango. Kowa ya fice, kowa ya goge lambar yaron, wasu har rigar suka jefa a shara don fuskarsa na kai. Kabayan kaɗai ya raka shi filin jirgi da jakar leda. Ya ce in daina ganin laifinsu, tsoro ne, kowa na da uwa da ƙanne da ke jiran abin da zai aika. Na yarda tsoro ne, kuma ba tsoron banza ba. Amma wanda ya san zai gudu ranar farko, me ya kai shi sa riga mai cewa har abada? Ya sa mai cewa har zuwa wani lokaci mana, ai ita ma ina bugawa.

Kada a ce su kaɗai na raina. Wata rana wani alhaji daga cikin mutanenmu ya tarar da su a shagon, ya tsuke fuska, ya ja gefen babbar rigarsa kamar za su shafa masa wani abu. Suna fita ya yi ta'awizi, ya ce da ni, “Malam, har irin waɗannan kake yi wa aiki?” Na ce masa injin bai san fuska ba. Sannan ya fito da abin da ya kawo shi: ƙungiyarsu ta masu lodin kwantena ta dare biyu a kan kujerar shugaba, yana son sababbin huluna da sabon suna, a ƙasa a rubuta “Haɗin Kai”. Na buga masa, da zare mai kyalli ma.

Sai dai alhaji in ƙungiya ta watse gida zai koma, ya tarar da mata da 'ya'ya da jikoki sun cika tsakar gida. Kabayan ba haka ba ne, kuma shi ya fahimtar da ni wannan, wata rana da na gaji na faɗa masa gaskiya. Na san yadda yake yi da su. Ɗakinsa a Al Rigga yake, cikin irin gidajen nan da ake yanka falo da katako a zuba mutane. Duk ranar hutunsa zai dafa kaza da ruwan tsami irin nasu, da taliya, da shinkafa cike da tukunyar lantarki, su zo su ci. Sabon zuwa da bizar ziyara a ƙasan ɗakinsa yake kwana. Shi zai yi masa aski kafin ya je neman aiki, shi zai ara masa takalmi, shi zai koya masa inda ake sassauta murya da inda ake kame ta. Da yaro ya tsaya da ƙafarsa sai ya ƙaura tsallaken ruwa, unguwar dogayen gine-gine, ya fara jin kunyar warin soyayyar albasa, ya koma kiransa tsohuwa a bayan ido. Na ce masa, “Kabayan, tukunyarka suke zuwa gaisarwa, ba kai ba.”

Bai ji haushi ba. Ya ce ya sani, amma dai suna zuwa. Ya ce a garinsu 'yan uwansa na karɓar abin da yake aikawa da hannu biyu, ya yi wa ƙanwarsa rufin gida, ya kai 'ya'yanta makaranta, amma akwai rabin rayuwarsa da ba a yarda ya shigo da shi falo ba. Sannan ya kira ni yadda ake kiran aboki a Dubai, ya ce, “Irinmu ba ma haihuwa, habibi. Wanda zai riƙe maka hannu ranar tsufa, tun yanzu ake nemansa.” Ashe ya sayi ɗan fili a bayan garinsu, kusa da gonakin kwakwa. Burinsa ya gina ɗakuna a jere, in sun tsufa su taru a can, kowa da ƙofarsa, tukunya ɗaya. Duk sabuwar ƙungiya sai ya nuna musu hoton filin, su yi tafi, kowa ya zaɓi inda ɗakinsa zai kasance. Na dube shi, na rasa tsakanin tausayi da takaici wanne ya fi yawa a raina. Mutanen da ba sa iya gama shekara a dandalin hira ɗaya, su ne za su tsufa a tsakar gida ɗaya.

Ƙungiyar ƙarshe ita ta fi daɗewa, har na fara tunanin ko bakina ne zai ji kunya. Sau uku ina buga musu riga da fuskoki iri ɗaya. Cikinsu akwai wani dogo kyakkyawa mai sayar da turare a babban kanti, wanda Kabayan ya ɗauko daga tashar jirgin ƙasa da jaka ɗaya, ya riƙe shi har ya samu aiki. Shi ne kullum a damansa a hoto. Kabayan kan ce wannan ko duniya za ta tashi ba zai bar shi ba, kuma a filin nan yaron ne ya zaɓi ɗakin da ke kallon gabas.

Sai hannun Kabayan ya fara ciwo. Wuyan hannu ne, irin na wanda ya shekara ashirin yana riƙe da almakashi. Ya fara jinkiri, masu zuwa aski suka fara zaɓar kujerar gefe, da lokacin sabunta biza ya zo mai shagon askin ya ce khalas, wato an gama. Dole ya koma gida.

'Yan Filifin na da wata al'ada in mutum zai tafi. Akwai wani ƙaton kwali da suke aikawa gida ta jirgin ruwa, a cika shi da sabulu, man shafawa, cakulan, takalma, duk abin da aka tara. Ranar rufe shi abokai ke taruwa, a ci abinci, a yi waƙa, wani ya hau kan kwalin ya zauna don ya danne, sauran su zagaye shi da salatif, sannan kowa ya rubuta sunansa a jiki. Wai in kwalin ya isa, 'yan gida su ga ɗansu bai zauna shi kaɗai a baƙon wuri ba. Kabayan ya zo ya ba da aikin riguna na wannan rana, da hoton da suka ɗauka a kan kwale-kwale wajen Al Ras, wanda kowa ya yi kyau a ciki. Ya roƙe ni in kai masa da kaina tunda zai kasance a bakin murhu, ya ce kaza ce zalla, a sabuwar tukunya, ba abin da zai hana ni ci.

Na isa bayan azahar da riguna a leda. Ɗakin ko'ina ƙamshi. Ya ture katifa ya jingine ta da bango, ya shimfiɗa ledar cin abinci, ya jera faranti. Kwalin na tsakiya, ya cika har murfin ya ƙi haɗuwa. Ya karɓi tasa rigar ya sa nan take, tana ɗan matse shi a ciki. Muka zauna jira.

Wayarsa ta fara ƙara, ɗaya bayan ɗaya. Wannan an riƙe shi a wajen aiki. Wancan kansa na ciwo. Wani ya ce in wane zai zo shi ba zai zo ba, wanen kuma ya aiko da irin wannan saƙon a kan na farkon, ashe sun ɓata tun makon jiya a kan wani mai koyar da motsa jiki. Kabayan na karantawa yana fassara mini, yana nema musu uzuri tun kafin in buɗe baki. Yana tashi yana juya taliya don kada ta kame. Ni dai na ci kazata, ta yi daɗi ƙwarai, kuma daɗin nata ya ƙara mini haushi.

Wajen la'asar dogon nan mai turare ya shigo, ƙamshinsa ya riga shi. Ya rungume Mama, ya ce mota na jiransa a ƙasa. A tsaye ya ci cinya ɗaya. Aka miƙa masa riga, bai sa ba, ya kara ta a ƙirjinsa, ya matso da fuska kusa da ta Kabayan ya ɗauki hoto. Sannan ya tuna masa da tukunyar shinkafa da ya yi masa alkawari. Da shinkafar a ciki. Kabayan ya juye ta a roba, ya wanke tukunyar, ya goge, ya naɗe mata wayarta. Yaron ya ajiye rigar a kan kujera don hannunsa ya samu ɗaukar tukunya, ya ce zai kira, ya fice. Ko kallon kwalin bai yi ba.

Da rana ta yi sanyi Kabayan ya daina duba waya. Ya ɗauko rigunan ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe kwalaben turare da kofunan gilashi da su, ya cusa a lungunan kwalin. Ya ce ai sun yi amfani, ba abin da zai fashe. Sai ya dube ni ya ce in taimaka in hau. Na cire hulata na hau kwalin na zauna, ni da ban taɓa shiga hotonsu ba, shi kuma ya yi ta zagaye ni da salatif da wannan hannun mai ciwo. Da ya gama ya miƙo mini alƙalami mai kauri. Na rubuta sunana a gefe. Kwalin ƙato ne, sunan ya zauna shi kaɗai a fili, don haka na ƙara girman baƙaƙen yadda zan iya. Washegari na sa ma'aikatan ofishin kago na maƙwabtanmu suka ɗauko shi.

Bai fi 'yan makonni da tafiyarsa ba sai ga mai turare a shagona, da sauran, har da biyun da ba sa ga maciji da juna, sun shirya. Za su fita yawon sahara, suna son riga. Ba su da sabon hoto mai kyau, don haka in ɗauko na kwale-kwalen nan da ke cikin kwamfutata, in cire Mama daga tsakiya, in matso da sauran su haɗe. Rubutun ƙasa a bar shi yadda yake. Na tambaye su ko sun ji lafiyarsa. Mai turare ya gyara gashinsa a jikin gilashin ƙofa ya ce ai Mama ya yi nisa yanzu, kuma ba daɗi mutum ya sa rigar da ke da wanda ba ya nan.

Aiki ne, na karɓa. Na goge shi, na cike gurbin da ruwa da sararin sama, na jawo na hagu da na dama suka manne. Abin da ya rage shi ne hannunsa, yatsu huɗu gajeru masu kauri a kan kafaɗar mai turare, har da zoben azurfarsa. Gogewar ba ta da wuya. Na bar su da gangan, don in ga ko a cikinsu akwai mai idon da zai gane hannun da ya ciyar da shi. Suka zo karɓa, suka ɗaga rigunan suna dubawa, kowa na neman fuskarsa. Wani ya yi ƙorafin hancinsa ya yi faɗi. Babu wanda ya ga yatsun. Suka sa, suka hau rairayi, suka ɗora hotuna, da hannun da ba shi da mai shi a ƙirjin kowannensu. Na yi dariya ni kaɗai a shago, irin dariyar da ba ta sanyaya rai.

Bayan kwana biyu saƙon murya ya shigo daga Filifin. Ana jin zakara na cara a bayansa. Kabayan ne, cike da murna. Ya ce ya ga rigar, ya gane aikina ne, ya kuma fahimci dalilin cire shi, tunda ba ya cikin tafiyar. Amma ya ƙara girman hoton ya duba da kyau, ya ga abin da suka yi. “Sun bar hannuna, habibi,” in ji shi. “A kafaɗarsa. Su suka ce ka bari, ko?”

Na saurari saƙon na sake saurara. Ni da nake taƙama ban taɓa shafa wa kowa mai a baki ba, na rubuta masa cewa e, su suka ce.

Washegari da safe na buɗe waya na tarar ya turo hoto: filin nan na bayan gari, an share ciyawa, an sauke bulo a gefe, an ja igiya an fitar da ɗakuna a jere. A kan na gabas, ɗakin mai turare, ya zana ƙaramar alama da ja.